Taron gari shi ne shingen icce

Darasinmu na yau ya shafi itatuwan gonakinmu da taron da gari ke yi domin kare su. Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta shi tare da ɗalibansu sannu a hankali, kashi-kashi, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Manomi ya bar tohon kalgo ko na sabara a gonarsa, ya gyara shi, ya yi shekara biyu yana tattalinsa. Ran nan da rani ya je duba gona, sai ya tarar an sare shi da dare, an bar masa kututture. Bai san wanda ya sare ba. Ko ya sani, ba shi da wurin kai ƙara wanda ba zai jawo gaba ba. To, baɗi me zai yi? Zai riga ɓarawo, ya sare abinsa tun yana ƙarami. Maƙwabcinsa ma haka zai yi. Ta haka ake wayar gari a tarar karkara ta zama fili fetal, alhali kowa ya san amfanin icce.

Da damana kowace gona tana da mai ita. Amma da an kwashe amfani an saki gonaki, gona ta zama hanyar kowa: mai neman itacen girki, mai kiwo, masassaƙi, mai saran ɓawon magani. Mutum ɗaya ba ya iya gadin icce wata bakwai ko takwas. Abin da ke tsare icce shi ne maganar da gari ya zauna ya yanke, kowa ya ji da kunnensa, kowa ya amsa.

1. Abin da ya sami ƙasarmu

Dattawanmu suna tune da farin 1973 da 1974, da kuma na 1984. Bisashe sun mutu, rumbuna sun bushe, mutane da yawa sun bar garuruwansu. Itatuwa ma sun mutu, waɗanda suka tsira kuma gatari ya bi su, domin mai yunwa ba shi da abin sayarwa sai icce.

Fari kaɗai bai yi wannan ɓarna ba. Jama'a ta ƙaru ƙwarai: ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 kuwa ta sami miliyan 17. Gonaki suka cinye daji, aka daina hutar da ƙasa. An kuma daɗe ana koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, ba toho ba kututture, domin garmar shanu ta wuce ba tangarɗa. Sa'an nan ga dokar daji. Dokar 1935 ta zamanin Turawa da wadda ta gaje ta a 1974 sun sa itatuwa masu daraja irin su gawo a hannun hukuma. Manomi na iya shan tara saboda ya sassabe reshen iccen da ya tsiro a gonar ubansa. Da yawa suka ga icce a gona jan magana ne, suka riƙa tumɓuke shi tun yana ɗan tsiro.

Sakamakon duk mun gan shi. Iskar farkon damana takan bizne shuka da rairayi ko ta yanke ta, har mutum ya yi shuka sau biyu ko sau uku a shekara ɗaya. Mata suna tafiya mai nisa neman itace. Inda ya ƙare sam, sai a ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

Bayan wannan kuma ga canjin yanayi. Hayaƙin man fetur da gas da gawayin ƙasa da ake ƙonawa a duniya yana taruwa a sararin sama, yana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Masana sun auna, sun ga zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 tun daga lokacin da aka fara manyan masana'antu, kuma shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafin ta zafi. Afirka gaba ɗayanta wajen kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na wannan hayaƙi, amma wahalarsa ba ta tsallake mu ba. Ruwa yakan yi jinkiri, ko ya ɗauke a tsakiyar damana, ko ya zubo da yawa a dare ɗaya. A 2020 kogin Kwara ya fasa shinge ya shiga unguwannin Yamai. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da mutum miliyan 1, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram kuma ya rushe a farkon watan Satumba na wannan shekara.

Hana hayaƙin manyan ƙasashe ba ya hannun mai gari. Amma yadda ƙasarmu za ta karɓi ruwa da iska da zafi, wannan yana hannunmu. Gona mai itatuwa tana karya ƙarfin iska, tana shan ruwa maimakon ta bar shi ya gudu, inuwarta kuma tana rage wa ƙasa ƙuna.

2. Darasin 1984

A watan Mayu na 1984, zamanin shugaba Seyni Kunce, an yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Kafin nan an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, kuma mafi yawan dashen bai rayu ba. Abin da taron ya fitar shi ne, dole mutanen karkara su zama su ne masu aikin, su ne kuma masu cin amfaninsa.

A daidai wannan lokaci wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aiki a karkarar Maraɗi. Ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sarewa kowace shekara lokacin sassabe itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙasa, suna ƙoƙarin tashi. Icce mai tsohuwar saiwa ba ya bukatar ban ruwa, kuma ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba. Abin da yake bukata shi ne a rage masa toho, a gyara shi, a bar shi. Wannan dabara ce muke kira sassabin zamani.

Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa dabarar da rabon abinci a garuruwa wajen 100: wanda ya bar itatuwa a gonarsa yana samun cimaka. Mutane suka bari. Amma da rabon ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Waɗanda suka bar nasu, su ne daga baya suka sami itacen girki da sandunan gini da abincin bisashe, suka kuma ga hatsinsu bai ragu ba. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya. Daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, dabarar ta bazu.

Bayan shekara 20 da wani abu, masu bincike suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a da, da na lokacin. Suka ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. A gundumomin Magarya da Matamai da Mirya, gawo ne ya rufe gonaki. Hekta ɗaya, ga wanda bai sani ba, fili ne mai tsawon metir 100 da faɗin metir 100.

Mu riƙe wannan: iccen da aka bari domin buhun abinci yakan faɗi ran da buhu ya ƙare. Wanda aka bari domin mai gona ya tabbata shi zai ci amfaninsa, shi ke tsufa.

3. Misalin Ɗan Saga

Ɗan Saga gari ne a gundumar Agye, jahar Maraɗi. Bayan farin 1984 gonakinsa sun kusa zama ba icce. Mutanen garin suka kama sassabin zamani, amma saran dare ya dame su. Sai suka taru suka kafa kwamitin tsaro, tare da taimakon wani shirin raya karkara da asusun FIDA ya tallafa wa. Cikin kwamitin akwai maza da mata, an kuma jawo makiyaya cikin shawara. Aka sa ƙa'idoji, aka sa masu zagaya gonaki, aka sa tara ga wanda ya sari iccen da ba nasa ba. Garuruwan maƙwabta suka bi sahu. Garin da mata ke wahalar neman abin hura wuta ya zama garin da ke sayar da itace, manoma daga wasu jahohi da wasu ƙasashe suka riƙa zuwa ganin yadda aka yi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a al'adarmu. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo. Gayya ma tun kaka da kakanni muke yin ta. Bambancin yau shi ne, jama'a ce ke zama ta sa wa kanta ƙa'ida, dokar ƙasa kuma ta ba ta hanya. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo, waɗanda suka sauko har matakin gari. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙuduri na musamman a kan sassabin zamani, wanda ya amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raya a gonarsa. Duk da haka, kafin a kayar da babban icce irin wanda doka ta kare, a nemi ma'aikacin gandun daji a ji ta bakinsa.

4. Yadda ake shirya taro

Lokaci. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan an ɗaure hatsi, kafin a saki gonaki, kafin kuma samari su tafi cin rani. A kauce wa ranar kasuwa. A tambayi mata sa'ar da suka fi samun sarari tsakanin daka da ɗibar ruwa, a sa taron a wannan sa'a. Mai shela ya sanar tun saura kwana bakwai, liman ya tuna wa mutane bayan sallar Juma'a.

Waɗanda za a kira. Duk wanda hannunsa ke taɓa icce yana da wuri a taron:

Mai gari da dattawa da liman da sarkin noma, domin maganarsu na da nauyi.

Mata, domin su ne ke neman itacen girki, su ne ke tsinkar ganyen kuka da ƴaƴan aduwa da magarya. Inda ba su saba magana gaban maza ba, su fara yin nasu zama, su zaɓi waɗanda za su faɗi abin da suka tsayar. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jahar Maraɗi a 1991, sun riga sun saba da zama kowane mako da riƙon amanar kuɗi. A nemi shawararsu.

Makiyaya, na zaune da masu wucewa, ta hannun arɗo ko shugaban ruga. Ƙa'idar da aka yi ba su nan ba za su ji ta ɗaure su ba, kuma daga nan rigima ke tashi.

Samari, domin su ne za su yi zagaye da gina.

Masassaƙa da masu sayar da itace da masu magani, domin abincinsu yana jikin icce.

Wakilan garuruwan da muke iyaka da su. Gatari ba ya sanin iyakar gari.

Ma'aikacin gandun daji ko na gona, a matsayin mai shaida da mai bayanin doka. Kada a bar masa jagorancin taron. Taron na gari ne.

Yadda za a fara. Kada a buɗe taro da zargi. A roƙi tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya su lissafa itatuwan da suka sani a karkarar garin lokacin ƙuruciyarsu, mai rubutu yana rubutawa. Sa'an nan a tambayi matasa waɗanne ne suka rage. Idan aka karanta jerin biyu a bainar jama'a, ba a bukatar dogon wa'azi. Bayan haka a zana taswirar gari a ƙasa da sanda: ga gonaki, ga burtali, ga makiyaya, ga fako, ga inda ruwa ke yanka ƙasa. Kowa ya nuna inda abin ya fi damunsa.

5. Abubuwa shida da taro zai yanke kafin a watse

Na ɗaya: abin da aka hana da abin da aka halatta. Misali, a hana saran ɗanyen icce a gonar wani, a hana tumɓuke saiwa, a hana ɗaye ɓawo kewaye da gindin icce domin wannan yana kashe shi. A fayyace kuma abin da kowa ke da iznin yi: tsintar busasshen itace, tsintar ƴaƴan da suka faɗo, kiwo bayan sakin gonaki. Idan makiyayi yana son reshen gawo domin bisashensa a ƙarshen rani, wa zai tambaya, kuma reshe nawa zai sauke? A faɗe shi tun yanzu.

Na biyu: masu tsaro. A zaɓe su a fili, maza da mata, manoma da makiyaya, kowace unguwa da nata. A ƙayyade tsawon lokacin da za su yi, domin a iya canja wanda ya gaza.

Na uku: hukunci. A fara da gargaɗi, sa'an nan tara wadda talaka zai iya biya amma zai ji ta. Ɗan kwamiti ba ya duka, ba ya ɗaure mutum, ba ya ƙwace bisa. Aikinsa ya gani, ya kafa shaida, ya kai gaban mai gari. Abin da ya fi ƙarfin mai gari a kai wa sarki ko hukuma. Ƙa'idar gari ba ta taka dokar ƙasa.

Na huɗu: asusu. Wa zai riƙe kuɗin tara, a gaban wa za a ƙirga, me za a yi da su? Ma'aji daban, mai rubutu daban.

Na biyar: aikin gayya ɗaya da ranarsa. Aiki ɗaya da aka gama ya fi biyar da aka fara.

Na shida: ranar da za a sake zama a ji abin da aka yi da abin da ya gagara.

Duk wannan a rubuta shi. A nan ne amfanin karatunmu yake fitowa. Wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci ya rubuta yarjejeniyar da Hausa, a karanta ta da ƙarfi, a fassara wa wanda Fulatanci ko Buzanci ya fi ji, wakilai su sa hannu ko su dangwala yatsa. A yi kofi uku: ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin kwamiti, ɗaya a kai wa hukuma. Magana ta baka takan canja kama bayan wata shida. Takarda ba ta canjawa.

6. Ayyukan da gari zai iya yi da hannunsa

Sassabin zamani. Lokacin sassabe a zagaya gona a zaɓi kututturan da za a raya: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, taramniya, ɗanya, gwandar daji, duk wanda mai gona ke so. A kowane kututture a bar toho 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. A datse ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawon tohon. A yi amfani da adda ko gatari mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya tsage. A ɗaura ƙyalle domin kowa ya san da mai shi. Bayan ƴan watanni a dawo a cire sabon tohon da ya fito. Mai farawa yana iya farawa da icce 40 a hekta, ya ƙara idan ya ga alheri. Gawo yana da wata baiwa: yana kaɗe ganye da damana, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyensa taki ne, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne lokacin da ciyawa ta ƙare.

Tassa. Wannan domin fako ne, inda ruwa ke gudu ba ya shiga. A 1989 wasu manoman Illela a jahar Tawa sun je yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka gwada. A damanar 1990 ruwa ya yi ƙaranci, masu tassa suka sami abin girbi inda maƙwabta suka rasa. Daga nan mutane suka shiga sayen fakon da a da ba mai so. Ana gina rami da rani, faɗinsa santimetir 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kamar taki ɗaya babba. A tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu, a jira ruwa.

Rabin wata. Rami ne mai siffar rabin wata, faɗinsa metir 4, bakinsa yana duban inda ruwa ke fitowa. Hekta ɗaya tana ɗaukar wajen 300. Ana jera su a saɓe, domin ruwan da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa na ƙasa. Ya dace da filin gari da makiyaya, inda za a watsa irin ciyawa a dasa itatuwa. Aiki ne mai nauyi, sai da gayya. A Kaita, inda babban shirin gyaran ƙasa ya fara a 1984, mata ne suka yi mafi yawan irin wannan aiki na gina da jera duwatsu.

Shingen iska. A kwarin Majiya, tun daga 1975, an dasa dogon yaro layi bibbiyu, tsakanin shinge da shinge metir 100, domin karya iskar da ke kwashe ƙasa. Inda za a yi dashe, a tuna cewa ranar dashe ita ce mafi sauƙi. Tun 1975 aka ware 3 ga Agusta domin dashen itatuwa a ƙasar nan. Tambayar da taro zai amsa ita ce: wa zai yi wa dashen shinge, wa zai ba shi ruwa a watan Afrilu?

Murhu mai tattalin itace. Murhun laka da aka gina daidai da tukunya, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana tare iska yana tara wuta a gindin tukunya. Itacen da ake ƙonawa ya ragu, gatari ya huta.

7. Abin da ke kashe kwamiti

Na farko, son kai. Ran da ɗan mai gari ya sari icce aka yi shiru, ran nan ƙa'ida ta mutu. Na biyu, kuɗin da ba a ƙirga a fili. Na uku, jiran baƙo: garin da ba ya gina rabin wata sai an zo da mota da buhu, zai daina ran da mota ta daina zuwa.

Na huɗu shi ne mafi haɗari, wato manta marasa ƙarfi. Da icce ya yi daraja, kowa zai ce nasa ne. To, macen da mijinta ya rasu ba ta da gona, ina za ta sami abin dafa tuwo? Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, idan ya raya icce shekara biyar mai gona ya karɓe abinsa, iccen na wa ne? Makiyayin da ya tarar an shuke burtali, ta ina zai bi? Idan taro bai amsa waɗannan ba, masu saran dare za su fito daga cikin gari, kuma yunwa ce za ta tura su. A ware wurin da marasa gona za su yi itace. A rubuta rabon icce cikin takardar aron gona a gaban Kofo. A bar burtali da mashaya a buɗe.

8. Icce da lafiyar iyali

Ganyen kuka da zogale da sauran ganyen miya suna gina jikin yara da mata masu ciki, musamman a tsakiyar damana lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A shekarar da hatsi bai yi ba, gidan da ke da itatuwa yana da abin sayarwa ya sayi tiya, ba sai ya sayar da akuyar ƙarshe ba. Matan Mirya sun san kuɗin da ganyen kuka ke kawowa. Itace a kusa yana rage wa mace doguwar tafiya da nauyin kaya a ka, ya ba yarinya lokacin zuwa makaranta. Murhu mai kyau a wuri mai shan iska yana rage hayaƙin da ke jawo tari da ciwon ido ga uwa da goyonta. Mu kuma lura: ruwan tassa da na rabin wata ƙasa ke shanye shi, amma ramukan da ke riƙe ruwa kwana da kwanaki a bayan gidaje su ne gidan sauro. Taron da ya yi maganar gonaki ya sa ranar cike su.

9. Mu yi lissafi

A ce gari yana da magidanta 80, kowane yana noma hekta 2. Hekta nawa ke nan? 80 sau 2, hekta 160. Idan kowa ya raya icce 40 a hekta, 160 sau 40, icce 6,400 ke nan, ba a sayi ko ɗan dashe ɗaya ba, ba a ɗebo ko guga ɗaya ba. Yanzu kowane aji ya yi wannan lissafi da yawan magidantan garinsa.

10. Tambayoyin tattaunawa

Waɗanne itatuwa ne suka ɓace a karkararmu, waɗanne ne kututturansu ke nan da rai?

Me ya sa aka sare yawancin itatuwan 1984 bayan rabon abinci ya ƙare?

Su wane ne ba a saba kira taro ba a garinmu, alhali suna amfani da icce?

Idan muna da kwamiti, yaushe ya yi zaman ƙarshe, kuma wa ya san abin da ke cikin asusunsa?

Wane aiki ɗaya za mu iya gamawa kafin ruwan farko?

Ƴan'uwa, bayan kun tattauna, ku zaɓi mutum uku daga cikin aji, mace na ciki, su kai wa mai gari amsoshinku a rubuce, su roƙe shi ya sa ranar taro kafin a saki gonaki. Garin da ya yi zama ya aiko mana da abin da ya yanke, domin wasu garuruwa su karanta su ƙaru. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.